Yadda ake ƙarfafa bayan jirgin ruwa in za a cire injin ciki a rataya na waje

Bara, bayan an kawar da amfanin gona, wani Alhaji ya turo mota ta ɗauke ni daga shagona a Daura zuwa bakin madatsar Sabke. Tsohon jirgin faiba ya sayo daga Yawuri, mai tsawon ƙafa 21, da injin dizal a tsakiyar cikinsa wanda ya daɗe da mutuwa, kayan gyaransa kuma an neme su an rasa. Sai ya sayi Yamaha mai ƙarfin doki 40 na hannu, yaransa suka samo katako mai kauri suka ɗaure a bayan jirgin da noti huɗu, suka rataya injin. Mako uku aka yi ana jin daɗi. Ranar da na je, kusurwoyin baya biyu sun tsage daga sama zuwa ƙasa, tsagar hagu har ɗan yatsana yana shiga.

"Malam kafinta, katakon nan fa madaci ne, inci biyu cur," in ji shi. "Ta yaya zai gaza?"

"Ranka ya daɗe, katako bai gaza ba, ga shi nan garau. Abin da aka jingina shi a kai ne ya gaza."

Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. A jirgi mai injin ciki, farfela tana tura sandarta, sandar ta tura giya da inji, injin kuma yana zaune a kan gadonsa, wato dogayen katakai biyu da aka shimfiɗa a tsawon cikin jirgin. Ƙarfin turin duk a can yake sauka. Allon baya, wanda masu jiragen Legas ke kira taransom, aikinsa kawai ya tare ruwa, shi ya sa sau da yawa za ka same shi siriri, faiba zalla ko da ɗan filawud a ciki. Ranar da ka rataya masa inji ka ɗora masa kaya uku lokaci guda: nauyin injin, turin farfela, da murɗa. Murɗar ce mai kisa. Farfela tana can ƙasa cikin ruwa, nesa da inda aka ɗaure injin, tana tura gaba. Ƙasan maɗaurin sai ya danna allon ciki, samansa kuma ya fizgo shi waje, kamar yadda ake zare ƙusa da bayan hama. In aka sa ribas abin ya juya. Ga kuma kututturan itatuwan da ke kwance a ƙarƙashin madatsunmu, Sabke ne ko Daberam ko Zobe ta Dutsin-Ma, waɗanda ke matsowa sama in ruwa ya ja da rani. Ƙafar inji ta daki ɗaya ana cikin gudu, allon baya ne zai sha dukan gaba ɗaya.

Don haka kauri kaɗai ba ya wadatarwa. Allon ya yi kauri, a kuma ɗaure shi da gangar jikin jirgin ta ƙasa da ta gefe, a hana ruwa shiga katakon da ke ciki. Ga yadda nake bi.

Kafin ka taɓa zarto

Fara da gwajin da bai cin ko sisi. Cire tsohon injin, amma ka bar sandar farfela a wurinta, ka ɗaure ta tamau kada ta zame ta bar maka rami a buɗe. Tura jirgin ruwa. Injin doki 15 nauyinsa ya kusa kilo 40, na doki 40 ya ɗan haura kilo 70, wato buhun siminti ɗaya da rabi. Jera wannan nauyin a can ƙarshen baya, ƙara jarkar fetur cike, sannan wanda zai riƙa tuƙi ya zauna inda zai riƙa zama. Ka koma gefe ka duba. In gindin ya nutse, hanci ya ɗaga sama kamar raƙumi mai shirin tashi, jirgin yana gaya maka injin ya fi ƙarfinsa. Jirage masu siririn gindi da zagayayyen ciki, waɗanda tun asali aka ƙera su don tafiyar sannu da kaya, ba sa ƙara gudu don an ƙara musu doki. Gindi kawai suke tsomawa, mai ya ƙone a banza. Irin waɗannan doki 15 ya ishe su. In akwai ɗan faranti a jikin jirgin da maƙera suka rubuta iyakar ƙarfin inji da nauyin kaya, kada ka haura shi. Ka yi alama da fensir a inda ruwa ya tsaya a allon baya, za ka bukace ta nan gaba.

Sai a fito da jirgin tudu, a ɗora shi a kan tayoyi ko katakai yadda cikinsa zai zauna daidai, bai karkace ba. Jirgin da aka gyara a karkace, a karkace zai bushe. Ɗauki ƙaramar hama ka bi allon baya kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kuma yana yin bif kamar kankanar da ta wuce nuna. Huda ƙananan ramuka daga ciki, musamman ƙasa-ƙasa da kewayen tsofaffin noti, ka duba garin da ke fitowa. Fari busasshe, madalla. Baƙi mai danshi da wari, to duk katakon ciki sai ya fita, kada ka yi masa kwaskwarima. Haka za ka yi wa gadon tsohon inji, don shi ne dukiyar da injin ciki ya bar maka gado, a kansa za ka kafa tokara. Matsalarsa ɗaya, shekara da shekaru yana shan baƙin mai da dizal, kuma babu gam ɗin da ke kama katakon da ya sha mai. A gurje shi har a kai ga tsabtataccen wuri, in ba a kai ba a canza wannan yankin.

Awo biyu da ba a yin su da ido

Na farko tsawo. Injinan rataye ƙafarsu hawa-hawa ce: gajera ta allon inci 15, doguwa ta inci 20, sai mai tsawo sosai ta inci 25. Ana aunawa ne daga inda maɗaurin inji zai zauna zuwa ƙasan cikin jirgin, a tsakiya daidai. Akwai wani faffaɗan fiffike a saman farfela, shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgin ko ya sauka ƙasa da shi kaɗan, abin da bai wuce inci ɗaya ba. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi ta kururuwa jirgi bai tafiya, ruwan sanyaya inji ma ya riƙa yankewa. In ya yi ƙasa da yawa, ja ne kawai da shan mai da neman kututture. In ba ka riga ka sayi inji ba, sayi mai doguwar ƙafa. Allon jirgin injin ciki yakan yi tsawo, dole ka yanke masa gurbi a tsakiya, kuma duk incin da ka rage yankewa, ka rage wa igiyar ruwa hanyar shigowa ta baya. Duba alamar fensir ɗinka: in bakin gurbin zai zo kusa da ita, wannan injin ba na jirgin nan ba ne.

Na biyu jingina. Injin rataye an yi shi ne don allon da samansa ya ɗan kwanta baya, digiri 12 zuwa 15. Ba sai ka nemi ma'aunin kusurwa ba. Ɗora dogon katako miƙaƙƙe a ƙasan jirgin ya leƙo baya, ka tsayar da sukwaya a kansa. A tsawon inci 20, bakin sama ya fi na ƙasa fita baya da inci 4 zuwa 5 da ɗan kai. In allon naka a tsaye yake cak, kamar yadda na sha gani a tsofaffin jiragen injin ciki, za ka feƙe katako mai tauri, mai kauri a sama siriri a ƙasa, ka liƙa a waje inda inji zai zauna. In ba haka ba, ƙafar injin ba za ta iya shigowa ciki yadda ya kamata ba, hancin jirgin ya yi ta kallon sama.

Wasu sukan guje wa yanka, su sa mai walda ya ƙera musu ƙarfe ya fito baya a rataya injin a kai. Yana yiwuwa, amma ka sani duk tazarar da inji ya ƙara daga allon, murɗar ƙaruwa take yi, nauyin ma ya ƙara komawa baya. A ƙaramin jirgi ni dai gurbi nake yankewa.

Toshe ramukan da tsohon inji ya bari

Ka ƙirga su, don mantuwa da ɗaya ta isa ta nutsar da jirgi: ramin sandar farfela, na allon tuƙi, na salansa, na bututun da ke jawo ruwan sanyaya inji, da ƙananan ramukan notin da suka riƙe ƙarfen da ke tallafe da sandar. Kada ka cusa musu katako ka shafe da boda irin ta masu gyaran jikin mota. Boda tana shan ruwa, wata rana kuma za ta faɗo kamar ɓawon gyambo. A gurje kewayen kowane rami a gangare, faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin jirgin sau 12. In kaurin milimita 8 ne, gangaren ya kai kusan santimita 10 ta kowane ɓangare. A tare bayan ramin da allo da aka lulluɓe da leda, a yanka ƙyallen faiba da'ira-da'ira, babba da ƙarami da wanda ya fi shi ƙanƙanta, a jera su jiƙe da ruwan faiba, wato gam ɗin da ke daskarewa ya haɗe ƙyallen, har wurin ya cika, sannan a ƙara shimfiɗa biyu ta ciki masu faɗi.

Kayan aiki, da inda ake cutar mutum

Filawud ɗin da ake so shi ne na jirgi, wanda aka haɗa da gam mai jure ruwa. Na ƙwarai yakan zo da hatimin BS 1088, amma hatimi abu ne da kowa ke iya bugawa, don haka ni ba na yarda sai na dafa. Na taɓa aikawa Kano aka kawo mini falle biyu da hatiminsu raɗau. Na yanki guntu na jefa a tukunya, matata tana kallona kamar wanda ya zautu, tana cewa, "Maigida, yau kuma katako za mu ci?" Kafin la'asar ya rabu falle-falle kamar littafin da ruwan sama ya doka. Guntun da ya sha tafasa awa biyu ko uku ya fito a haɗe, shi ne abin saye. Duba gefensa kuma, in akwai ramuka tsakanin fallayen, nan ruwa zai kwana. Falle biyu masu kaurin milimita 18 in aka haɗa su, da fatar faiba ciki da waje, za su ba ka kusan inci biyu, wanda ya ishi doki 40. Kafin ka ƙara na uku, auna buɗewar bakin maɗaurin injinka, kada ka gama aiki inji ya ƙi shiga.

Ruwan faiba da aka fi aiki da shi iri biyu ne. Akwai foliyesta, wanda masu gyaran bambar mota ke aiki da shi, ga araha ga samuwa. Akwai efoksi, mai tsada, sau da yawa sai an aika Legas, amma ya fi kama katako da tsohuwar faiba nesa ba kusa ba, ya kuma fi tare ruwa. In aljihu zai ɗauka, efoksi. In ba zai ɗauka ba, foliyesta yana yi in an gurje wuri sosai, da shi aka yi jirgin tun farko. Abin kiyayewa, efoksi yana kama bayan foliyesta, amma foliyesta ba ya kama bayan efoksi da kyau, don haka kada ka fara da mai tsada ka ƙarasa da mai araha. Haka kuma ƙyallen nan mai kama da tabarmar gashi, wanda zarensa ke warwatse, foliyesta ne ke narkar da abin da ya riƙe shi. Da efoksi saƙaƙƙen ƙyalle ake so, ko ɗinkakke mai zare a gicciye.

Haɗi kuma ba a yin sa da ƙiyasi. Maganin daskarar da foliyesta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, wato a zafinmu mililita 10 a lita ɗaya, a auna da sirinji. Ɗigonsa ɗaya a ido yana iya makantarwa, sa tabarau. Efoksi kuwa, yadda aka rubuta a jikin gwangwani haka za ka haɗa, ƙara masa magani ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi ya zauna da danƙo har abada. Dama kaɗan-kaɗan a faffaɗan kwano. Yarona ya taɓa dama lita guda a gwangwanin madara da tsakar ranar Afrilu, kafin ya taka daga inuwa zuwa jirgi gwangwanin ya ɗau zafi yana hayaƙi, ya daskare da burushin a ciki. Har yau yana rataye a shago. Da bazara, daga asuba zuwa hantsi ake wannan aiki. Lokacin hunturu ya fi, katako ya bushe ƙayau, sai dai a kafa tamfal a tare ƙura, a kuma jira rana ta ɗan ɗaga don sanyin safiya yana jinkirta kamawa.

Haɗa sabon allo

Daga ciki ake aiki, a bar fatar waje yadda take, ita ce ke riƙe da siffar jirgin. In akwai tsohon katako a ciki, yanke fatar ciki, ka ɓamɓare shi da kurfi har ka kai ga faibar waje. Sannan gurza: allon gaba ɗaya, da tazarar kamar santimita 25 a kan ƙasan jirgin da gefunansa biyu, da gadon inji. Sa samfefa mai kaushi, lamba 36 ko 40, a cire fenti kaf har faiba ta fito sabuwa. Nan ne mutane ke ha'inci saboda aikin akwai ƙaiƙayi da gajiya, kuma nan ne aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Takunkumi, tabarau, riga mai dogon hannu. In an gama a share, a goge da asiton, wato sinadarin da ke cire maiƙo, da farin tsumma. Ban da fetur, ban da kananzir, maiƙo suke bari.

Yanki kwali ka fitar da siffar allon daga gefe zuwa gefe, daga ƙasa zuwa sama. Na nanata, daga gefe zuwa gefe. Faci a tsakiya, daidai faɗin inji, shi ne kuskuren yaran Alhaji: wurin da ya yi tauri bai lanƙwasa ba, sai ya tura lanƙwasar zuwa bakinsa, siririyar faiba ta yi ta karyewa a hankali har ta tsage. Sauke siffar a kan filawud, ka yanka falle biyu, ka gwada su a bushe. Su shiga da ɗan sarari kamar kaurin fensir a kewaye, kada ka dake su da guduma. Ka kashe kaifin gefunan da za a lulluɓe, don ƙyallen faiba ba ya bin kusurwa mai kaifi, tashi yake yi ya bar iska a ƙarƙashi.

Shafa wa kowane falle ruwan faiba tsura, fuska biyu da gefuna, gefunan sau biyu ko uku don sun fi sha. Sai ka dama wani da lallausan garin katako da aka tankaɗe har ya yi kaurin tunkuza mai laushi, wanda in ka ɗaga cokali ba ya zuba. Shafa a fatar jirgin da bayan falle na farko da abin shafi mai haƙora, ka manna. In foliyesta kake aiki da shi, shimfiɗa jiƙaƙƙiyar tabarmar faiba a tsakani, ka manna tun tana ɗanya. Matsewa kuma da dabara: ta sama kilam, wato ƙarfen matse katako, ta ƙasa inda kilam ba ya kaiwa a huda a sa noti na wucin gadi da katakai a gicciye ciki da waje, an shafa wa notin kyandir don su fita daga baya. Matsa har kwaɓin ya ɓullo ta ko'ina a kewaye, ka tsaya. In ka matse ya fita duka, ka bar katako da faiba ba abin da ya haɗa su. Washegari falle na biyu, haka dai. Ramukan notin wucin gadi a cike su da kwaɓi.

Yanzu cike sararin kewaye da kwaɓin, ka bi kusurwar da bayan cokali ta zama kwarmi mai santsi. A kan wannan kwarmin ɗaurin zai hau. Yanka ƙyalle tsiri-tsiri, na farko ya hau allo santimita 10 ya hau jikin jirgi 10, na biyu 15, na uku 20, don kada bakunansu su taru a layi ɗaya su zama wurin karyewa. Bi ƙasa da gefuna biyu. Sannan lulluɓe fuskar allon gaba ɗaya, shimfiɗa uku ko huɗu, har fatar ciki ta kai milimita 5 ko 6. Kowace shimfiɗa a bi ta da rola a kore iska. Wurin da ya jiƙu yana zama garai-garai kana hango katako, wurin da ya yi fari-fari iska ce ko ƙishirwa. Ruwan da ya yi yawa kuma ba ƙarfi ba ne, ƙarfin yana cikin zaren. In aiki ya kwana, a wanke efoksi da ruwa don yakan fitar da wani maiƙo a sama, a gurza, sannan a ci gaba.

Tokara

Wannan ce ke mayar da ƙarfin inji inda jirgin ya saba karɓarsa. Yanka filawud mai kusurwa uku, falle biyu a haɗe, guda biyu. Kowace ta zauna a kan gadon tsohon inji, ta jingina da allon baya, ta hau har kusa da inda notin sama za su fito, don nan ne fizgar take. Ƙafarta a kan gadon ta fi tsayinta tsawo, kamar sau ɗaya da rabi, kuma ta ƙare a siririce. In gadon bai kai allon baya ba, ƙara masa katako ya kai. Kafin ka manna, ɗora injin ko ka auna maɗaurinsa ka yi alamar ramuka, kada tokara ta zauna a kan hanyar noti. A manyan injina masu bin awon da aka saba, ramukan sama suna da tazarar milimita 327, na ƙasa 251, amma ƙananan injina kowane da nasa, injinka za ka auna. Manna tokarar da kwaɓi, yi mata kwarmi, ɗaure ta da tsiri uku ta kowane gefe. Ka yanke ɗan lungu a kusurwarta ta ƙasa, ka shafe shi da ruwan faiba, don ruwan da ya shigo jirgi ya sami hanyar gangarawa wurin kwarfa. A kusurwoyin sama biyu, inda allon ya haɗu da bakin jirgi, nan ma a sa ƙananan tokara a kwance. Nan ne na Alhaji ya fara tsagewa.

In jirginka na katako ne, irin wanda masunta suka fi amfani da shi, hikimar ɗaya ce, kayan ne suka bambanta. Allon ya zama madaci ko kawo busasshe, ban da farin katako. Tokara mafi ƙarfi ita ce gwafar kirya ko marke da ta tanƙwara da kanta, don zaren itacen yana bin kusurwar. Noti mai ratsawa za a sa, ƙusa tana sassautawa da girgizar inji. A shafa kwalta ko fenti mai kauri a duk inda katako ya haɗu da katako. Kada kuma a lulluɓe jiƙaƙƙen katako da faiba, an yi gudun gara ne a faɗa gidan zago, ruɓa zai yi a ɓoye.

Gurbi, noti da rataya

Yanke gurbin bisa awonka, da faɗin da inji zai juya dama da hagu har ƙarshe, a kuma iya ɗaga shi sama bai daki komai ba. Kusurwoyin gurbin su zama zagayayyu. Bakin da ka yanke katako ne tsirara yana kallon sama, ta nan ruwa ya fi kashe allon baya, don haka a shafe shi, a naɗe shi da ƙyalle daga fatar waje zuwa ta ciki, in da hali a kifa masa alminiyam inda maɗauri zai riƙa gurza. A gaban gurbin a gina ɗan akwati mai bango a tsayin bakin jirgi, da ramin zubar ruwa zuwa waje sama da alamar fensir. In ka rage gudu farat ɗaya, ruwan da ke biye da kai nan zai faɗa ya fita, maimakon ya shigo wa fasinja.

Ramin noti kuma ga sirrinsa. In notin milimita 12 ne, huda 20, toshe bayansa da salatif, cika da kwaɓin efoksi, ya bushe, sannan ka huda 12 a tsakiyarsa. Ko ruwa ya bi noti, ba zai ga katako ba. Noti ya zama sitenles, in ba a samu ba galbanaiz na gaske. Ta ciki a sa farantin alminiyam ko sitenles mai kaurin milimita 5 ko 6 wanda ya haɗe notin sama biyu, don washa ƙarama nutsewa take yi cikin faiba. A shafa gam ɗin jirgi irin Sikaflex a jikin noti da bakin rami, silikon na gilashin taga ba ya daɗewa. Injin doki 40 yana da maɗauran hannu biyu, amma kada ka dogara da su kaɗai, akwai ramukan noti a jikinsa, yi amfani da su. Ƙaramin ma a ɗaure shi da sarƙa a jikin jirgi.

Ka bar aikin ya yi kwana bakwai kafin inji ya hau, ko mai jirgi yana ta sintiri. Alhaji kullum sai ya kira: "Malam kafinta, ai ya bushe, na taɓa da hannuna." Ni kuma in ce, "A ƙara haƙuri, ranka ya daɗe, samansa ne ya bushe." Ranar ratayawa, ɗaga ƙafar injin sama, ka sa ƙato ɗaya ya danna ta da nauyinsa yana saki, kai kuma kana ciki ka ɗora tafin hannu a kusurwa da kan tokara. Jirgin gaba ɗaya ya motsa, amma kada ka ji allon yana numfashi shi kaɗai, kada ka ji ƙas-ƙas.

A ruwa, tankin mai da batir da duk wani kaya mai nauyi su koma gaba, su maye gurbin nauyin da ya bar tsakiya. Fitar farko mutum biyu kawai, kowa da rigar ruwa, kusa da gaɓa. A fara a hankali, a duba fitsarin inji, wato ɗan ruwan sanyaya shi da ke tsartuwa waje, yana zuba, a leƙa ramukan da aka toshe, sannan a ƙara wuta, a gwada ribas, a yi kwana dama da hagu. In an dawo a sake bin notin da sifana, a kuma sake bayan mako guda, don sukan ɗan saki in komai ya zauna. Ni nakan ja layin fenti daga kan noti zuwa faranti, duk ranar da layin ya rabu an san ya juya. In kuma za a ɗauki jirgin a mota zuwa wata madatsar, ko Daberam ce nan kusa, a sauke injin a kwantar da shi daban a kan taya, ta gefen da littafinsa ya ce. Ramukan hanya sun fi igiyar ruwa wahalar da allon baya.